Mikiya da fararen dawakai a saman takarda: me tambarin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ke lamuncewa?

A duk shagon kwamfuta da ke bakin sakatariya ko ƙofar jami'a, yaro mai wayon hannu zai iya sauko da hoton tambarin Najeriya daga intanet, ya ɗora shi a saman farar takarda, ya rubuta sunan Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a ƙarƙashinsa da koren rubutu, ya buga ta fito fes, duk kafin shayin da ke gabansa ya huce. Idan takardar ta isa hannun dattijon da ya sayar da buhunan masararsa don ɗansa ya samu aikin koyarwa ko gurbin karatu, abin da idonsa zai fara sauka a kai shi ne jan tsuntsun nan da fararen dawakai biyu. Da ya gan su sai hankalinsa ya kwanta, ya ce gwamnati ta yi magana. Wannan yarda dukiya ce da ƙasar nan ta fi shekara sittin tana tarawa, kuma da ita 'yan damfara ke cin abinci.

Tambarin abu ɗaya kawai yake iƙirari, wato takardar ta fito daga wani ofishi na Gwamnatin Tarayya. Ko iƙirarin gaskiya ne, ko ofishin yana da hurumi a kan abin da takardar ta ƙunsa, wannan sai an bincika a wani wuri. Wanda ya san tarihin ma'aikatar ya san inda huruminta ya tsaya, kuma takardun bogi da yawa da wannan sanin kaɗai ake kama su, tun kafin a kai ga duba sa hannu ko hatimi.

Ma'aikatar, kamar sauran ma'aikatun tarayya, tambarin ƙasa take ɗorawa a kan takardunta na hukuma, sunanta ya biyo baya. An amince da tambarin a watan Mayun 1960, 'yan watanni kafin samun 'yancin kai. A tsakiyarsa akwai baƙar garkuwa, alamar albarkar ƙasar noma. A jikin garkuwar akwai farin zane mai lanƙwasa da siffar harafin Y, wato haɗuwar kogin Kwara da na Binuwai a Lakwaja. Fararen dawakai biyu sun miƙe a kan ƙafafun baya suna tallafe da garkuwar, su ne alamar martaba. A sama jar mikiya ce, alamar ƙarfi, tsaye a kan wani naɗi mai launin kore da fari irin na tuta. A ƙasa akwai ciyawa da furanni, sai ƙyalle mai ɗauke da kirarin ƙasa.

Furen nan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Masana tsirrai suna kiransa Costus spectabilis, a Hausa kuwa takalmin zomo. Duk wanda ya yi kiwo a dajin Arewa da damina ya san shi: ganye huɗu masu kauri shimfiɗe a ƙasa, fure ya fito daga tsakiyarsu. A daji furen rawaya ne, amma a tambarin da aka saba bugawa ja ake yi masa. Ke nan launi ba abin dogaro ba ne wajen rarrabe takardar gaskiya da ta ƙarya, balle ga shi kowace na'urar buga takarda da irin jan da take fitarwa.

Kirarin ya fi furen amfani ga mai bincike. A 1960 kalmomin da ke jikin ƙyallen su ne "Unity and Faith" kaɗai, wato haɗin kai da imani, kuma wanda ke da tsohon kwabon 1973 a gida zai gan su haka a jikinsa. A 1978 aka ƙara "Peace and Progress", zaman lafiya da ci gaba, kuma cikakken kirarin ne ke cikin sashe na 15 na kundin tsarin mulkin 1999. Don haka takardar da aka ce an rubuta ta bana amma tana ɗauke da gajeren kirari, an kwafo tambarinta daga tsohon hoto ne. Takardar da aka ce ta 1970 ce amma tana ɗauke da dogon kirari, ita ma ta tona asirin kanta. Mai ƙirƙirar takardar tsohon ma'aikaci don neman fansho ko rage shekaru yakan manta da wannan.

Yanzu ga tarihin. Hukumar ilimi a ƙasar nan ta girmi tambarin da shekaru masu yawa, kuma tun asalinta a rabe take. A Legas an yi dokar ilimi a 1887, aka naɗa Henry Carr sufeton makarantu a 1892. Kudancin Najeriya ya samu sashen ilimi a 1903. A Arewa kuwa, inda makarantun allo da na ilimi suka riga boko da ɗaruruwan shekaru, Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, a 1910 kuma aka kafa sashen ilimi na Arewa yana shugabanta. Gidansa na ƙasa yana nan har yau a Kano, ana kiransa Gidan Ɗan Hausa. Ko da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, sassan ilimin biyu sun ci gaba da zaman kansu. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921 ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, ta sashen Arewa ce. Sai a 1929 aka haɗa sassan biyu a ƙarƙashin darakta ɗaya, E. R. J. Hussey, wanda ya yi aiki a Sudan da Yuganda kafin zuwansa.

Haɗin bai daɗe ba. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya ba jihohi uku na wancan lokaci iko a kan ilimi, na 1954 ya ƙara tabbatar da shi. Kowace jiha ta kama gabanta. Yamma ta fara ilimin firamare kyauta a 1955. Arewa ta sa Aliyu Makaman Bida a matsayin ministan ilimi na farko, daga baya Isa Kaita ya riƙe kujerar daga 1957 har zuwa juyin mulkin 1966, kuma a wannan zamanin ne aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci. Takardun makarantun Arewa na lokacin na Gwamnatin Jihar Arewa ne, mai kirarin Aiki da Ibada, ko kuma na En'e. Ma'aikatar tarayya da ke Legas, wadda Aja Nwachuku ke jagoranta a ranar samun 'yanci, abin da ke hannunta shi ne makarantun babban birni da ilimi mai zurfi. Ita ta kafa kwamitin Ashby a 1959, wanda rahotonsa na 1960 ya share fagen buɗe sababbin jami'o'i, ciki har da ta Ahmadu Bello a Zariya a 1962. Ita ma wannan jami'ar ta Jihar Arewa ce a farko, sai a 1975 tarayya ta karɓe ta.

Ƙarfin da ma'aikatar ke da shi yau mulkin soja da kuɗin mai ne suka gina shi. A 1966 aka buɗe kwalejojin tarayya uku na farko a Sakkwato da Warri da Okposi, aka ƙara su a kan King's College ta 1909 da Queen's College ta 1927 da ke Legas. Bayan yaƙin basasa gwamnatin Gowon ta yawaita su don yaran sassan ƙasa su zauna aji ɗaya, yanzu sun haura ɗari. Taron manhaja na 1969 ya haifi Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta zo da tsarin 6-3-3-4. A watan Satumban 1976 aka ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa, an yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana. Ƙarancin malamai da ya biyo baya shi ya sa aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna.

Daga nan ma'aikatar ta yi ta haihuwar hukumomi, kowacce da dokarta da tambarinta. NUC, mai kula da jami'o'i, ta fara a 1962 ta samu cikakken iko a 1974. NBTE ta kwalejojin fasaha ta zo a 1977 tana Kaduna, JAMB a 1978, NCCE ta kwalejojin horon malamai da hukumar ilimin makiyaya a 1989, NABTEB ta jarrabawar fasaha da kasuwanci a 1992, dokar TRCN ta rajistar malamai a 1993, NECO a 1999 tana Minna. WAEC kuwa ta girme su duka, tun 1952 take, kuma ta ƙasashen Afirka ta Yamma biyar ce masu amfani da Turanci, ba ta Najeriya kaɗai ba. Makarantar firamare ita ce ta fi shan jifa daga hannu zuwa hannu: an kafa mata hukumar ƙasa a 1988, aka rushe a 1991, aka dawo da ita a 1993, sannan Obasanjo ya ƙaddamar da UBE, shirin ilimin matakin farko ga kowa, a Sakkwato ranar 30 ga Satumban 1999, dokarsa ta fito a 2004. Dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar tarayya ga ilimin matakin farko, amma jiha ba ta taɓa kason gine-ginenta sai ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta.

Amfanin wannan dogon jerin ga mai karatu shi ne ya gane cewa ginin ma'aikatar da ke Sakatariyar Tarayya a titin Shehu Shagari na Abuja ba shi ne uwa da makarɓiya a harkar ilimi ba. Kundin tsarin mulki ya sa ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu, ya kuma ba ƙananan hukumomi hannu a makarantun firamare. Ma'aikatar tana tsara manufa, tana sa ido a kan hukumominta, tana gudanar da kwalejojin tarayya, tana kula da tallafin karatu na tarayya, tana tantance takardun karatun ƙasashen waje. A nan huruminta na kai tsaye ya tsaya.

To a auna takardun da ke yawo da wannan ma'auni. Malamin firamare na gwamnati hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, da hukumar ilimin ƙaramar hukuma ke ɗaukarsa, don haka takardar ɗaukar malamin firamaren garinku da aka ce ta fito daga ministan ilimi na Abuja abar tuhuma ce tun daga kanta. Ko a kwalejojin tarayya, mai digiri da ke shiga aikin dindindin a mataki na 08 Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ce ke ɗaukarsa, ma'aikatar ta tura shi makaranta daga baya. Gurbin jami'a ko kwaleji ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi tun 2017. Ɗalibi ya shiga shafinsa da lambar rajistarsa, in bai ga gurbin a can ba, to takardar admishan da ke hannunsa ba ta da gindin zama, kuma ranar da zai nemi tafiya bautar ƙasa zai tarar sunansa ba ya cikin jerin JAMB. Shiga aji ɗaya na kwalejin tarayya ta jarrabawar da NECO ke shiryawa ne. Sakamakon sakandare na WAEC ne ko NECO ko NABTEB ko hukumar NBAIS ta makarantun Arabiyya, kuma ana duba shi a shafin hukumar da ta shirya jarrabawar. Makarantar kuɗi ta firamare ko sakandare kuwa ma'aikatar ilimi ta jiha ke ba ta lasisi. Idan ka ga mikiya da dawakai a allon wata makaranta a lungu, an rubuta gwamnati ta amince, ka tambayi mai makarantar lambar amincewar jiha da shekarar da aka ba shi, da kuma lambar cibiyar jarrabawa idan yana da aji shida.

Idan takardar ta tsallake wannan mataki, wato abin da ta ƙunsa yana cikin hurumin ma'aikatar, sai a duba jikinta. Wasiƙar gwamnati tana da tsari da aka gada tun zamanin Turawa. Bayan tambari da sunan ma'aikata akwai sunan sashen da ya rubuta ta, da adireshi, da kwanan wata, da lambar fayil. A ƙasa akwai sa hannu, da cikakken sunan jami'in da muƙaminsa, da nunin cewa ya sa hannu ne a madadin minista ko babban sakatare. Lambar fayil ita ce ran wasiƙar, domin tana nufin akwai fayil a ofishin rajista da aka ajiye kwafinta a ciki. Maƙirƙiri yakan ƙago lambar, ko ya kwafo ta wata wasiƙar dabam ya liƙa wa mutum hamsin. Idan ku uku kuka samu takarda daga hannun dillali ɗaya, ku jera su a tabarma ku duba. In lambar ɗaya ce har ƙarshenta, in sa hannun bai bambanta ko da ɗigo ba, to hoton sa hannu aka ɗora, domin ba mai sa hannu sau uku ya fito iri ɗaya sak. A shafa bayan takardar da yatsa kuma: biro yana barin ɗan tudu, tawadar na'ura ba ta bari.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi saurin fallasa su. Tun 2015 kuɗin da ake biyan Gwamnatin Tarayya asusun bai ɗaya yake shiga, kuma an saba biya ta Remita, inda ake ciro lamba mai alƙaluma 12 da sunan hukumar da za a biya a jikin takardar. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom ko na tantancewa zuwa asusun wani mutum, ko asusun mai POS, ka san inda aka dosa. Adireshin intanet na hukumomin gwamnati da .gov.ng yake ƙarewa, na ma'aikatar shi ne education.gov.ng. A kula da wurin da wannan ƙarshen ya faɗo, dole ya zo dab kafin karan farko (/) da ke biyo bayan sunan shafin. 'Yan damfara sukan sa kalmar a tsakiya, su ƙare da wani abu dabam, ido kuma ya wuce bai lura ba. Wasiƙar da ta ba da adireshin Gmail da lambar WhatsApp a matsayin hanyar tuntuɓa, a ajiye ta gefe har sai wani ya taka ya je ofishin.

Duk wannan maganin takardar ƙarya ce mai ɗauke da hoton gaskiya. Akwai cutar da ta fi ta muni, wato takardar gaskiya, daga ofishin gaskiya, da hatimin gaskiya, amma abin da ta shaida ƙarya ne. A watan Disamban 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba. Da wannan digiri ya bi duk matakan da ake bi har aka tura shi bautar ƙasa, alhali ya riga ya yi ta a baya. A farkon Janairun 2024 ma'aikatar ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agustan shekarar, ministan lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano sama da mutum dubu 22 da ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i takwas kaɗai gwamnati ta amince da su a can, biyar a Benin, uku a Togo.

A nan dattijon da ya yarda da mikiya ba shi da laifi ko kaɗan. Ko ma'aikacin da ya fi kowa iya duba takarda ba zai kama komai ba, tunda takardar ta gaskiya ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tana cikin yadda ake tantancewar. Mai digirin waje yana kawo satifiket, da takardar makin darussa, da takardar admishan, da sakamakon sakandare, da fasfo mai nuna ranar fita da ranar dawowa. Idan jami'in da ke kan tebur yana auna waɗannan takardu da junansu ne kawai, duk daga jakar mai nema, to dillalin da ya haɗa jakar ya riga ya tabbatar sun dace da juna. Abin da ke kama irin wannan shi ne tambayar wanda ba ya cikin cinikin. A rubuta wa hukumar kula da jami'o'i ta ƙasar da aka yi karatun, a ji ko makarantar tana da izinin koyar da wannan fannin. A nemi takardar maki kai tsaye daga makarantar zuwa ma'aikata, kada ta bi ta hannun ɗalibi. A duba kundin hukumar shige da fice na kwamfuta, a bar dogaro da hatimin roba da ke jikin fasfo.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Yaranmu da yawa suna karatu a Nijar da Masar da Saudiyya da Malesiya, kafin yaƙi kuma dubbai suna Sudan. Mafi yawansu sun yi shekara huɗu ko shida suna wahala a ƙasar mutane. Duk lokacin da hatimin ma'aikatar ya sauka a kan digirin mako shida, darajar takardar waɗannan ce ke zubewa. Haka ma mai fita da takardar Najeriya zuwa waje: sai ma'aikatar ilimi ta buga mata hatimi, sannan ma'aikatar harkokin waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za shi. Idan ofishin jakadanci ya daina yarda da hatimin farko, sai ya ƙirƙiro nasa binciken, ɗalibin kirki ya biya da kuɗinsa da watanninsa.

Za a iya cewa matsalar ita ce ma'aikatar ba ta fito da wani tambari nata na daban ba, wanda jama'a za su bambanta shi da na sauran ofisoshi. Ban ga alamar wannan zai warkar da komai ba. Ma'aikatar ilimi ta Amurka tana da nata hatimin, itacen oak mai koren ganye da rana tana fitowa a bayansa. Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar kafa ta a watan Oktoban 1979, ta fara aiki a Mayun 1980 ƙarƙashin Shirley Hufstedler. Hatimin bai hana Shugaba Trump sa hannu a umarnin fara rushe ta a watan Maris na 2025 ba, kuma yaron shagon kwamfuta zai kwafi itace da sauƙin da yake kwafar doki. Abin koyi a wurinsu yana wani gefen: suna da rubutacciyar ƙa'ida da ta siffanta hatimin dalla-dalla, ta faɗi wanda ke ajiye shi, da waɗanda ke da izinin buga shi, da irin abubuwan da aka hana a sa shi a kai. Mu ma muna da dokar tuta da tambarin ƙasa tun 1960, wadda ta hana amfani da tambarin barkatai, sai dai tarar da ke cikinta naira 100 ce. Laifin ƙirƙirar takarda yana da hukunci mai tsanani a kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa, har ɗaurin shekara 14, amma sai an kama mutum an tabbatar. Ya kamata Majalisa ta gyara tsohuwar dokar, ta sa tara mai zafi ga makaranta ko kamfanin da ya liƙa tambarin ƙasa a allonsa don ya yaudari iyaye.

Babban aikin dai na ma'aikatar ne, kuma bai fi ƙarfinta ba, domin hukumomin jarrabawa sun riga sun nuna hanya. WAEC ta buɗe dandalin satifiket na intanet a 2022, NECO ta fito da nata na tantance sakamako a 2023, JAMB kuwa ta daɗe da mayar da takardar admishan abin da ake dubawa a kwamfuta. Abin da ya rage shi ne duk wasiƙar da ke ba mutum wani haƙƙi, ta tantance digiri ce, ta tallafin karatu ce, ta tura malami makaranta ce, ta fita da lamba guda da ba ta maimaituwa, kuma a shigar da lambar a rajista kafin jami'i ya sa hannu. Wanda ya shigar da bayanin dabam, wanda ya amince dabam, kuma kwamfutar ta riƙe sunan kowannensu da ranar da ya taɓa fayil ɗin. Da haka, in aka sake samun digirin mako shida, ba sai an kafa kwamiti ya yi wata da watanni ba kafin a san teburin da ya bi.

A yi hattara da ɗokin lambar QR, zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da waya. Tana da amfani, amma maƙirƙiri ma yana iya yin tasa, ta kai ka shafin da ya gina da kansa, mai mikiya da dawakai da koren rubutu, ya ce maka takarda ta inganta. Shi ya sa ya fi aminci mutum ya buɗe shafin ma'aikatar da hannunsa ya rubuta lambar wasiƙar, amsar kuma ta fito da sunan mai takardar da abin da aka shaida masa, don kada a ɗauki lambar Audu a liƙa wa Tanko. Sannan a tuna da wanda aka fi cuta. Dattijon nan ƙaramar waya gare shi mai madannai, kuma Turanci bai dame shi ba. A ba shi gajeriyar lamba irin wadda yake dannawa ya duba kuɗin banki, ya sa lambar wasiƙar, amsa ta zo masa da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri. A sanar da lambar a gidajen rediyo lokacin da ake sayar da fom ɗin JAMB da lokacin jarrabawar shiga kwalejojin tarayya, domin a waɗannan watannin ne dillalai suka fi yawo. A kuma liƙa ta a ƙofar kowane ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, tunda nan ne ofishin gwamnati mafi kusa da mai riƙe da takardar, kuma nan zai fara zuwa ya tambaya.